Yadda Noman Wiwi Ya Baro Gona Ya Shiga Ɗaki

Tabar wiwi shuka ce ta rana da sarari. Masana tsirrai sun fi karkata ga cewa asalinta tsakiyar nahiyar Asiya ne, daga can ta bazu zuwa Sin da Indiya da Farisa, har ta kai ƙasashen Larabawa da Afirka da Turai. A maƙabartar Yanghai da ke kusa da Turfan a yammacin Sin, an tono wani kabari mai shekara kusan 2,700, aka tarar da gram kusan 800 na wiwi an ajiye kusa da mamacin. Mutanen dā sun noma ta domin igiya da tufafi da takarda da man da ake matsewa daga 'ya'yanta, wasu kuma domin magani ko maye. Duk inda aka noma ta, ko a gindin duwatsun Hindu Kush ne, ko a tsaunukan Rif na Maroko, ko a filayen Rasha, a sarari ake shuka ta. Rana ke ba ta haske, iska ta busar mata da raɓa, hunturu kuma ya kashe mafi yawan ƙwarin da ke addabarta kafin shekara ta zagayo. Noma ta cikin rufaffen ɗaki a ƙarƙashin fitilar lantarki sabon abu ne da bai wuce shekara hamsin da ɗoriya ba. Kuma ba don ɗaki ya fi gona albarka aka fara shi ba, tsoron hukuma ne ya haife shi.

Ilimin da ya sa abin ya yiwu kuwa ya riga shi zuwa da shekaru masu yawa. A 1912 wani matashin Bafaranshe mai nazarin tsirrai, Julien Tournois, ya lura cewa idan aka rage wa wiwi sa'o'in hasken yini, takan yi fure tun tana ƙarama. Bai samu damar zurfafa binciken ba, domin ya rasa ransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1920 wasu ma'aikatan Ma'aikatar Gona ta Amurka su biyu, Garner da Allard, suka tabbatar da wannan ƙa'ida a kan wata irin taba mai suna Maryland Mammoth da kuma waken suya, daga baya a 1938 Hamner da Bonner suka nuna cewa tsawon dare ne shukar ke aunawa, ba tsawon yini ba. Manomin ƙasar Hausa ya san wannan hali a jikin dawa: ko an shuka ta da ruwan farko, ko an makara, takan jira ƙarshen damina kafin ta fid da kai. Wiwi ma haka take. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya mallaki makunnin fitila ya mallaki kalandar shukar. Idan ya bar mata haske mai tsawo sai ta yi ta tofo, idan ya raba mata yini biyu, rabi haske rabi duhu, sai ta ɗauka kaka ta yi, ta fara fure ko da a tsakiyar hunturu ne.

Akwai wani hali na biyu. Wiwi tana da namiji da mace, kuma danƙon da ke sa maye ya fi taruwa a furen mace. Sinadarin da ke cikin danƙon, wanda ake kira THC, sai a 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka ware shi suka bayyana tsarinsa a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila. Muddin ƙurar furen namiji ba ta kai ga macen ba, ba za ta yi 'ya'ya ba, sai ta ci gaba da tara fure da danƙo. Manoman Indiya sun daɗe da sanin haka, suna tuge mazan daga gona. A fili dai iska kan kawo ƙurar daga gonar maƙwabci, amma bango da rufi suna tare ta.

Amurka ta ɗaure wa wiwi wuya da dokar haraji ta 1937, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa ta cikin jerin miyagun ƙwayoyi, dokar Amurka ta 1970 kuma ta ajiye ta a sahu ɗaya da hodar heroin. Duk da haka shanta ya yi ta yaɗuwa tsakanin matasa a shekarun 1960, kuma kusan duk wadda ake sha shigowa take yi daga Meziko, daga baya kuma Kolombiya da Jamaika da Tailan. A watan Satumba na 1969 gwamnatin Nixon ta ƙaddamar da wani samame mai suna Operation Intercept, inda aka riƙa bincike kowace mota a kan iyakar Meziko har kusan mako uku. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma aka shiga yi wa gonakin Meziko feshin maganin ciyawa na parakwat daga sama, da tallafin Amurka. Manoman can sukan yi sauri su girbe wadda aka fesa su sayar, har a 1978 hukumomin lafiya na Amurka suka yi gargaɗin cewa hayaƙinta na iya lalata huhu. Mashaya suka tsorata da ta waje. Abin da gwamnati ta yi niyyar ya kashe kasuwa, sai ya buɗe wa manoman cikin gida ƙofa.

A tsaunukan arewacin Kalifoniya, a yankunan Humboldt da Mendocino da Trinity, matasan da suka baro birane suka koma daji su ne suka fara noma ta da gaske. Sun koyi tuge maza domin samun fure marar 'ya'ya, wanda suka kira sinsemilla. Matsalarsu ita ce irin Meziko da Kolombiya na ƙasashe masu zafi ne, dogo ne, kuma ba ya nuna sai sanyi da ruwan ƙarshen shekara sun riske shi. Mafita ta zo daga Afganistan. Matafiyan Turai da Amurka da ke bin hanyar ƙasa zuwa Indiya, kafin sojojin Tarayyar Sobiyet su shiga Afganistan a 1979 hanyar ta toshe, sun dawo da irin can a aljihunsu. Shi gajere ne, mai cunkoson rassa da dunƙulen fure, kuma yana nuna da wuri. Aka yi ta haɗa shi da dogayen iri, aka samu sababbin nau'o'i irin su Skunk da Northern Lights. Gajartarsu ta sa suka dace da rufin ɗaki. Sai dai sun zo da wani rauni da ba a gane ba sai daga baya: furen da ya saba da busasshiyar iskar Afganistan ba ya jure laima.

A 1983 jihar Kalifoniya da gwamnatin tarayya suka kafa rundunar CAMP, wadda ta riƙa shawagi da jirage masu saukar ungulu a kan tsaunuka lokacin kaka, tana sare gonaki tana ƙonewa. Dokar 1984 ta ba hukuma damar ƙwace fili ko gidan da aka noma wiwi a cikinsa, dokokin 1986 da 1988 kuma suka ɗaura hukunci a kan yawan shuka: ɗari ɗaya na jawo aƙalla shekara biyar a kurkuku, dubu ɗaya kuma shekara goma. Gonar da ake hangowa daga sama ta zama tarko ga mai ita. Manoma suka fara ɓoye shuka a ƙarƙashin itatuwa, daga nan suka koma cikin rumfuna da garejin mota da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gidajen haya.

Waɗanda suka gwada noman ɗaki a farkon shekarun 1970 dogayen ƙwayayen fitila na ofis suka yi amfani da su, kuma abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, shuka siririya mai ɗan fure kaɗan. Abin ya canza ne da aka juya ga manyan fitilun da aka ƙera domin tituna da filayen wasa da masana'antu, musamman fitilar sodiyam mai jan haske wadda kamfanin General Electric ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1960. Ɗaya daga cikinsu na iya cin wat 1,000. Ilimin sana'ar ya yaɗu ta hanyar rubutu, tun da ba makarantar da ke koyar da shi: mujallar High Times da aka kafa a 1974, da Sinsemilla Tips ta jihar Oregon, da littafin Mel Frank da Ed Rosenthal na 1978, da na Jorge Cervantes na 1983 wanda kacokan a kan noman ɗaki yake. Shagunan kayan lambu suka cika da fitilu da fanka da takin ruwa, ana cewa na tumatir ne. A watan Oktoba na 1989 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, ta kai samame irin waɗannan shaguna a jihohi 46 a wani aiki da ta kira Green Merchant, ta kwashe takardun sunayen masu saye, ta bi su gida-gida.

A lokacin kuwa cibiyar sana'ar ta riga ta ƙaura zuwa Holan. A 1976 ƙasar ta gyara dokarta ta bambanta wiwi da ƙwayoyi masu tsanani, aka riƙa kau da kai daga shagunan shayin da ke sayar da ita kaɗan-kaɗan. Sai dai dokar ta bar wani giɓi da ya daɗe yana damun ƙasar: an yarda shago ya sayar ta ƙofar gaba, amma wanda ya noma ya kawo ta ƙofar baya mai laifi ne. A tsakiyar shekarun 1980 wasu Amurkawa da suka guje wa farauta, cikinsu har da David Watson, suka isa Amsterdam da irin Skunk, Nevil Schoenmakers kuma ya kafa kamfanin sayar da iri ta gidan waya a 1984. Abin da suka tarar a Holan shi ne ƙasar da ta fi kowace gwanintar noman tumatir da kokwamba da furanni a gidajen gilashi, musamman a yankin Westland. Duk kayan aiki na nan a kasuwa: fitilu, da famfunan ban ruwa, da audugar dutse da aka ƙirƙiro a Denmark wadda saiwa ke kamawa a maimakon ƙasa. Noma ba tare da ƙasa ba ma tsohon abu ne, domin William Gericke na Jami'ar Kalifoniya ya yayata shi tun shekarun 1930. Manoman Holan suka daina shuka iri, suka koma yankan reshe daga uwa guda suna dasawa, ta yadda duk shukar ɗaki mace ce, tsawonta ɗaya, kuma tare take nuna. Ana iya girbi sau huɗu zuwa shida a shekara. Cikin shekara goma wiwin gida, wadda suke kira nederwiet, ta ture ta waje a shagunan ƙasar.

Daga nan tarihin sana'ar ya zama tarihin kokawa da yanayin da manomi ya ƙirƙira da hannunsa, kuma abokin gaba na farko shi ne zafi. Kusan duk wutar da fitila ta ci, ƙarshenta zafi take komawa a cikin ɗaki. Fitila goma masu wat 1,000 a ɗaki guda daidai suke da kunna na'urar ɗumama ɗaki goma tsawon rabin yini ko fiye. Idan zafi ya yi yawa gefen ganye kan naɗe, saman shuka ya ƙone ko ya koɗe, fure ya fito a warwatse ba nauyi, ƙamshinsa kuma ya tashi. A wasu lokuta wahalar kan sa mace ta fid da furen namiji a jikinta, ta yi wa dukan ɗakin barbara, aikin watanni ya lalace. Maganin farko shi ne fanka da bututun da ke fitar da iska waje, daga baya aka kawo na'urar sanyaya ɗaki, wadda ita ma wuta take ci. Amma zafin da aka fitar dole ya je wani wuri, kuma shi ne ya riƙa tona asirin masu ɓoyo.

A watan Janairu na 1992, da tsakar dare, jami'an tarayya suka tsaya cikin mota a gaban gidan wani mutum mai suna Danny Kyllo a garin Florence na jihar Oregon, suka haska gidan da na'urar hango zafi. Suka ga rufin gareji da bango ɗaya sun fi na maƙwabta zafi. Da wannan shaida da wasu suka samu izinin bincike, suka tarar da shuka sama da ɗari. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 2001 alƙalai biyar cikin tara suka yanke cewa leƙa cikin gida da irin wannan na'ura bincike ne, kuma ba a yin sa sai da izinin kotu. Wannan hukunci, wanda mai shari'a Scalia ya rubuta, har yau ana kafa hujja da shi a kan iyakar da hukuma za ta tsaya wajen sa wa gidajen mutane ido da na'urori. Kotun Ƙolin Kanada kuwa a shari'ar Tessling ta 2004 akasin haka ta yanke. A Holan kuwa ba a buƙatar na'ura idan dusar ƙanƙara ta sauka. A 2015 'yan sandan garin Haarlem sun yaɗa hoton jerin gidaje da rufinsu ya yi fari fat, in ban da guda ɗaya da ƙanƙararsa ta narke, kuma a ƙarƙashinsa suka tarar da gonar wiwi.

Laima ta fi zafi wuyar sha'ani, domin daga jikin shukar take fitowa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da tsiro ya sha, ta ganye yake fitar da shi ya koma tururi. A gona iska ke kwashe shi. A ɗaki kuwa duk lita da aka zuba a tukunya tana nan rataye a cikin iska har sai an fitar da ita. Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan an kashe fitilu, domin iska na yin sanyi ta kasa riƙe tururin, sai raɓa ta kwanta a kan ganye da bango da cikin fure. A nan ne raunin irin Afganistan ya bayyana. Fumfunar da masana ke kira Botrytis, wadda manoman inabi suka daɗe da sani, takan fara daga tsakiyar dunƙulen fure inda ido ba ya kaiwa, kafin a ankara cikin ya ruɓe ya zama toka-toka. Wata fumfunar kuma fara ce, takan bazu a kan ganye kamar an barbaɗa gari. A cikin ruwan ban shuka, idan ya yi ɗumi, akwai masu ruɓar da saiwa irin su Pythium da Fusarium. Idan manomi ya rufe ɗaki don kada wari ya fita, laima ta taru. Idan ya buɗe, wari ya kai ga maƙwabta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da ya sassauta matsalar shi ne matatar gawayi da ke tsotse wari daga iskar da ake fitarwa, da na'urar tsotse laima, wadda ita kuma zafi take ƙarawa ɗakin.

Gidajen da aka yi wannan aiki a cikinsu ba su cika komawa daidai ba. A Kanada da Ingila da Holan masu gidajen haya sun sha karɓar gidajensu bango ya yi baƙi da fumfuna, katakon rufi ya ruɓe, an huda bango an ja bututu. Saboda kuɗin wuta na fallasa mai shi, da yawa sukan zagaye mita su saci wuta, kuma wayoyin da aka haɗa a gaggauce cikin ɗaki mai danshi sun jawo gobara ba adadi. A 2010 hukumomin Rotterdam da Hague tare da kamfanin rarraba wuta suka raba wa gidaje katuna kimanin 30,000 waɗanda idan an kankare suke fid da warin ɗanyar wiwi, domin mutane su gane shi su kai rahoto. Mafi muni shi ne abin da ya faru da mutane. A Birtaniya ƙungiyoyin masu laifi sun riƙa safarar yara da matasa daga Biyetnam suna kulle su cikin irin waɗannan gidaje domin ban ruwa da kula da fitilu, kuma idan 'yan sanda suka zo su ake tararwa. A 2017 an gano wata babbar gona a cikin tsohuwar maɓoyar yaƙin nukiliya ta ƙarƙashin ƙasa a Chilmark, da matasan Biyetnam a kulle ciki. A 2021 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa Birtaniya ta gaza kare wasu yara biyu 'yan Biyetnam da ta gurfanar a matsayin masu laifi alhali akwai alamun safararsu aka yi. Duk tarihin da ya tsaya ga fitila da iri ya manta da waɗannan yara, bai cika ba.

Ƙwari ma sun samu gidan da babu hunturu, babu ruwan sama, babu tsuntsu ko wani ƙwaro da zai cinye su. Wanda ya fi suna shi ne wani ɗan mitsitsin dangin gizo-gizo da ke tsotse ganye ta ƙasa yana saƙa yana a kan fure. Cikin zafi yakan girma daga ƙwai zuwa mai haihuwa a mako guda ko kusa da haka, shi ya sa yake saurin sabawa da magani. Tun da sana'ar ɓoye ce, babu malamin gona da za a tambaya, kuma babu maganin da hukuma ta gwada ta amince da shi a kan shukar da za a ƙona a shaƙa. Manoma suka riƙa fesa duk abin da suka samu, har da magungunan furannin ado da na ciyawar filin wasa. Girman ɓarnar bai fito fili ba sai bayan halattawa. A 2015 hukumomin birnin Denver suka killace shuka sama da 100,000 saboda magungunan da ba a yarda da su ba, musamman maganin fumfuna mai suna myclobutanil, wanda idan an ƙona shi yake iya fid da iska mai guba ta sayanayid. A Kanada ma an janye kaya daga kasuwa a 2016 da 2017 saboda wannan magani, a cikin wiwin da aka sayar wa marasa lafiya, abin da ya sa gwamnati ta tilasta gwajin kowane kaya daga 2019. Hanyar da ta fi tsabta daga gidajen gilashin Holan ta sake fitowa. Tun 1967 wani manomin kokwamba, Jan Koppert, ya fara sakin wani ƙwaro mai farautar wancan ɗan gizo-gizo a maimakon feshi, kuma yau manyan gonakin wiwi masu lasisi suna sayen irin waɗannan mafarauta a kwalabe. Wiwin magani ta Holan, wadda aka fara sayarwa a kantunan magani a 2003, ana bi da ita ta hasken gamma domin kashe ƙwayoyin fumfuna, saboda wasunsu, kamar Aspergillus, na iya kama huhun mai raunin garkuwar jiki.

Dasa yankan reshe, wanda ya kawo daidaito, shi ma ya zo da nasa ciwon. Idan uwa na da cuta, duk 'ya'yanta na da ita, kuma rassan sun yi ta yawo daga hannu zuwa hannu shekara da shekaru ba mai dubawa. Manoman Kalifoniya sun daɗe suna kukan wata cuta da ke tsumburar da shuka, rassa su yi gautsi, danƙo ya ragu. A 2019 masu bincike suka gano sanadin, wata ƙwayar cuta ce da ta fi bairos ƙanƙanta, wadda aka fara sani a jikin tsiron hop da ake sa wa giya. Almakashin yankan reshe ke ɗaukar ta daga shuka zuwa shuka, kuma takan zauna a jiki ba alama. Babu feshin da ke kashe ta. Sai dai a gwada uwayen a ɗakin bincike, a ƙona masu ita, a raini sababbi daga ɗan ƙwayar tofo a cikin kwalba.

Kalifoniya ta halatta wiwi domin magani a 1996, Kolorado da Washinton suka halatta ta ga manya a 2012, Yurugwai a 2013, Kanada a ranar 17 ga Oktoba 2018, Jamus kuma a 2024 ta yarda babba ya shuka uku a gida. Da ɓoyo ne kaɗai dalili, da shukar ta koma gona. Ba ta koma ba sai kaɗan. Gwamnatoci ma da kansu ɗakin suka fi so saboda tsaro: wiwin magani ta farko da gwamnatin Kanada ta ba da kwangilarta a 2000, a cikin ramin haƙar ma'adinai na Flin Flon aka noma ta, ɗaruruwan mita a ƙarƙashin ƙasa. A Amurka dokar tarayya ta hana tsallaka iyakar jiha da ita, don haka jiha mai tsananin sanyi dole ta noma tata. Ƙananan hukumomi da dama sun hana noman fili saboda wari da sata, masu saye kuma sun saba da kyan furen ɗaki suna biyan kuɗi fiye a kansa.

Kuɗin wannan zaɓi a wutar lantarki ake biyan sa. A 2012 Evan Mills, masanin makamashi a Kalifoniya, ya ƙiyasta cewa noman ɗaki na cin kashi 1 cikin 100 na dukan wutar Amurka, wadda kuɗinta ya kai dala biliyan 6 a shekara, kuma kowane kilo ɗaya na busasshen fure na jawo sakin kilo 4,600 na iskar kabon. Binciken Jami'ar Jihar Kolorado na 2021 ya samu tsakanin kilo 2,283 zuwa 5,184, gwargwadon garin da aka yi noman, kuma ya nuna cewa sanyaya iska da ɗumama ta da tsotse laima sun fi fitilun kansu cin makamashi. Fitilun LED da suka yaɗu a shekarun baya sun rage cin wuta da zafi, amma ba su rage ruwan da ganye ke fitarwa ba, don haka aikin tsotse laima na nan daram.

Shukar ita ma ta canza. Binciken Jami'ar Mississippi a kan wiwin da hukuma ta kama ya nuna THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014, a Holan kuma Cibiyar Trimbos ta ga na nederwiet ya tashi daga kusan kashi 9 a 2000 zuwa kusan 20 a 2004. Wani bincike da Marta Di Forti ta jagoranta a wurare 11 na Turai da Barazil, wanda aka wallafa a 2019, ya samu cewa masu shan mai ƙarfi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau biyar wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali, kuma abin ya fi bayyana a Landan da Amsterdam, inda wiwin ɗaki ta mamaye kasuwa.

A Najeriya noman wiwi da sayar da ita da shanta duk laifi ne, tun kafin dokar soja ta 1966 da ta tsananta hukunci, kuma hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ce ke farautar masu yi. Wadda ake nomawa a ƙasar a fili ake yin ta, galibi cikin dazuzzukan jihohin Ondo da Edo da maƙwabtansu, inda ake sare gandun daji domin ta. Amma amfanin ɗakunan Arewacin Amurka ya iso. A 'yan shekarun nan NDLEA ta sha kama wata mai ƙarfi da ake kira Loud a tashoshin jiragen ruwan Legas, an ɓoye ta cikin kwantenonin motocin da aka yi odarsu daga Kanada. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Najeriya sun kai miliyan 10.6, kuma wadda ke shigo musu yanzu daga waje ta ninka ta shekarun 1990 ƙarfi.